Tafiya a bakin kogin Yamai: magani ga jiki, makaranta ga manomi

Da yawa daga cikinmu sun sha zuwa Yamai, amma kogin Isa daga tagar mota kurum suka taɓa ganin sa. Ni ma haka nake, sai bara da muka je taron ƙara wa juna sani na malaman yaƙi da jahilci. Wata safiya, bayan sallar asuba, na ɗaura takalmi na bi bakin ruwa da ƙafa. Abin da na gani a sa'o'i biyu shi ne zan ba ku labari.

Daga Yantala zuwa Gamkale

Na faro daga unguwar Yantala, na bi hanyar da ke gefen kogi ina fuskantar inda ruwa ke gangarawa. Tsakanin hanya da ruwa duk lambuna ne: salati, shu, karoti, tumatir, zogale da mangwaro. Masu lambu sun riga rana tashi, wani na ban ruwa da hannu, wani ya ta da injin.

Daga nan sai gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ita ce gada ta farko da ta haɗa gari da Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Ta biyu ta zo a 2011, ta uku kuma a 2021. Kusa da gadar masu wanki na bugun tufafi, masunta na dawowa da jiragensu. In ka ci gaba wajen Gamkale, hancinka ne zai fara sanar da kai ka iso wurin majema. Mai keke yana iya wucewa har Saga ya ga gonakin shinkafa.

Darasin masu lambu

Na tsaya wajen wani dattijo yana dashen salati. Fangalinsa ƙanana ne, kowane ya sha takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai. Da safe da marece kawai yake ban ruwa, don ruwan tsakar rana ya fi saurin shanyewa. Bai taɓa barin fangali ya maimaita shuka iri ɗaya sau biyu a jere ba. Na tambaye shi abin da ya fi damun sa. Bai ce tsutsa ba, bai ce tsadar iri ba. Hannu ya miƙa ya nuna mini tsibirin rairayi a tsakiyar ruwa.

Kogin nan daga duwatsun Gine ya taso, tsawonsa ya zarce kilomita 4,000, kuma wajen 550 daga ciki a ƙasarmu suke. Sau biyu yake cika a Yamai kowace shekara. A watannin Agusta da Satumba akwai jan ruwa, wanda Sirba da Dargol da Goruwal da ƙoramu ke kawowa. Sai kuma ruwan Gine, wanda ke yin doguwar tafiya ta Mali, ya iso mana da sanyi, wajen Janairu.

Jan nan da muke gani ba komai ba ne illa ƙasar gonaki. Idan aka sare itatuwan tudu, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya kwashi ƙasa da rairayi ya zuba a kogi. Cikin kogi ya cike, da rani ruwa ya janye, da damina ya rasa wurin zama ya hau kan mutane. A 1985 kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari. A Satumbar 2020 kuwa ruwa ya fasa shingen ƙasa, ya cinye gidaje da lambuna da gonakin shinkafa, musamman a gefen Harobanda.

Ashe maganin ciwon kogi a kan tudu yake. Rabin wata, jeren duwatsu, da barin ƴan itatuwa su tofo a gona maimakon a tumɓuke su, kamar yadda manoman Maraɗi suka soma tun wajen 1980 da ƴan kai, su ne ke riƙe ƙasa a inda Allah ya aje ta.

Abin da jiki ke samu

Manomi da mai daka ba su rasa motsa jiki ba. Amma mai tireda, da tela, da direba, da ma'aikacin ofis, wuni suke a zaune. A cikinsu hawan jini da ciwon suga ke yawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ke nan minti 30 a rana, kwana biyar. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda za ta sa ka gumi amma ba ta hana ka magana ba. Tana ƙarfafa zuciya, tana rage suga a jini, tana kawo barci mai daɗi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya soma tafiya. Su biyun tare suke aiki.

Hattara da ruwa

A bi gefe, kada a shiga. A wurare masu ciyawa, inda ruwa ke kwance, akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayar ta shiga katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma in aka ƙyale shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Akwai maganinsa a likita, sunansa farazikantel. Mai lambu ya sa dogon takalmin roba. Salatin da aka saya a bakin kogi a wanke shi sosai da ruwan famfo kafin a ci.

A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, a riƙe ruwan sha, a tafi da abokin tafiya. Da almuru a bar bakin ruwa saboda sauro. In an hango dorina, a ba ta wuri.

Ba sai a Yamai ba

Mutanen Maraɗi na da gulbi da lambunansa. Na Tawa na da tafkin Tabalak. Na Damagaram na da lambunan Mirriya. Kowa ya ware rana ya bi bakin ruwan garinsu da ƙafa ko da keke, ya gaida masu lambu, ya yi tambaya. Ɗaliban yaƙi da jahilci su tafi da littafi da alƙalami, su rubuta abin da aka shuka da inda ruwa ya tsaya bana, su kawo aji a karanta. Baɗi a sake aunawa, a ga ko ruwan namu gaba yake yi ko baya.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.