Jiji da Kajiji: Ciyayin da ke Farfaɗo da Ƙasar da Aka Haƙe

Tun shekarar 1967 ake sarrafa siminti a Kalambaina da ke Ƙaramar Hukumar Wamakko a jihar Sakkwato, ana fasa dutsen farar ƙasa. A gefen gulbin Rima kuma masu yashi da maginan tubali na nasu haƙan. Duk inda aka haƙa, rami ake bari. To, me zai mayar da rai ga irin wannan ƙasa?

Manomin fadama ya san jiji da aya-aya a matsayin abokan gāba, ga su da taurin kai, a nome yau su tsiro jibi. Danginsu ne aya da ake ci da kajijin da mata ke haɗa turare da shi. Wannan taurin kan ne masana ke nema. Ganyen ciyawar na zuƙo iskar kabon daga sama, ya tura kaso mai yawa zuwa saiwa. Idan saiwar ta mutu cikin ƙasa mai jiƙe, inda iska ba ta ratsawa, ruɓewarta kan yi jinkiri, sai kabon ya kwanta a wurin.

Haka aka samu dausayoyi masu baƙar ƙasa da suka taru cikin dubban shekaru. Kashi 3 cikin 100 kacal na doron ƙasa suka mamaye, amma kabon ɗin da suka adana ya fi na dukkan dazuzzukan duniya. A lardin Alberta na Kanada, inda ake haƙar yashi mai ɗauke da mai, an gina sabon dausayi a tsohon wurin haƙa, aka dasa dangin waɗannan ciyayi, suka kama. Sai dai karansu na da kafofin da iskar metan, mai ɗumama yanayi, ke bi ta fice, don haka ribar sai a hankali take bayyana.

Zafin Sakkwato da dogon rani ba sa barin irin wannan baƙar ƙasa ta taru, amma darasin ɗaya ne: a fara da ruwa. A kwantar da gaɓar rami, a mayar da ƙasar saman da aka kwashe, a bar ruwan damina ya zauna, sannan a dasa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa alhakin gyara wurin da ya haƙa. Ya kamata hukumomi su tabbatar ana bin ta, masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma su gwada ciyayinmu na gida a waɗannan ramuka.