Me Ya Sa Doka Ke Tilasta wa Kamfanoni Buɗe Littattafansu?

'Yan'uwa ɗalibai, a ce 'yan kasuwa biyu sun nemi ka zuba kuɗi a harkarsu. Ɗaya ya nuna maka littafin cinikinsa da basukan da ake bin sa, ɗayan kuma ya ce ka yarda da shi kawai. Ko da za ka ba na biyun, sai ya yi maka alkawarin kaso mai tsoka, domin cinikin biri a sama kake yi. Ladan da mai kuɗi yake nema kafin ya saki kuɗinsa shi masana tattalin arziki ke kira tsadar jari. Duk kamfanin da ba a san cikinsa ba, jari yakan yi masa tsada.

Amurka ta ga haka a zahiri. Enron babban kamfanin makamashi ne a birnin Houston. A watan Agustan 2000 ana sayar da hannun jarinsa ɗaya kusan dala 90, alhali shugabanninsa sun ɓoye ɗimbin bashi a wasu ƙananan kamfanoni da suka kafa. Da asiri ya tonu, hannun jarin ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, kuma a ranar 2 ga Disamba 2001 kamfanin ya bayyana karyewarsa. Dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu. Abin takaici, kamfanin binciken asusu na Arthur Andersen, wanda aikinsa ne ya tona ɓarnar, shi ne yake sa hannu a kan lissafin.

Masu zuba jari suka fara zargin kowa, har da kamfanoni masu gaskiya. Don haka a 2002 aka kafa dokar Sarbanes-Oxley. Ta wajabta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa rahoton gaskiya ne, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan zai iya shan ɗaurin shekara 20.

Dokar ba kyauta ba ce. Ƙananan kamfanoni sun yi ta kukan kuɗin da bin ta yake ci. A ganina kukan nasu yana da hujja, amma bai kai asarar ma'aikacin Enron ba.

A Najeriya ma, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas dole ne su fitar da rahoton kuɗinsu duk wata uku. Masu darasin kasuwanci, ku roƙi malaminku ya kawo ɗaya aji, ku fara duba shafin basuka.