Tsibiran Dakar: Kuka Mai Rarrafe da Gidan Bayi

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Ɗanbatta masu zuwa ziyara Kaulaha, ku sani in kun biyo ta Dakar akwai wurare biyu cikin teku da suka isa a tsaya.

Na farko tsibiran Madalen ne, yamma da birnin, waɗanda hukumar Senegal ta killace a 1976. Babu mahaluƙin da ke zaune can, sai tsuntsayen teku masu sheƙa bisa baƙin dutse. Kukar gonakinmu sama take tashi, amma ta can iska ta danne ta, har takan yi rarrafe a ƙasa. Da kwalekwale ake ƙetarawa.

Na biyu Gore ne, daga gabas, ana zuwa da jirgin ruwa. Turawan Fotugal suka sauka a 1444, na Holanda suka biyo baya, Faransa ta ƙwace shi a 1677. Gidan Bayi yana nan, da ɗakunansa masu duhu da ƙofa mai duban teku, abin tunawa da waɗanda aka sayar zuwa Amurka.

Bafatake in ya tsaya bakin ƙofar nan, ya tuna da sunan ciniki aka aikata wannan. Allah ya kiyaye hanya.