Ma'anar Kalmar Kimiyya "Plicatus" da Yadda Za a Faɗe Ta da Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ɗalibin fassara kan ci karo da su ita ce ta keɓaɓɓun kalmomin kimiyya masu bayyana siffar abu. Wannan takarda za ta duba kalmar Latin plicatus, wadda masana tsirrai da dabbobi ke amfani da ita, tare da 'yar'uwarta rugosus. An ɗauko misalai daga Akpakpa, unguwar da ke gabashin birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, inda 'ya'yan Hausawa ke karatun boko da Faransanci.

2.0 Asali da Ma'ana

Plicatus ta samo asali ne daga aikatau plicare, wato "ninke". Daga nan ne Faransanci ya sami pli da plissé. Ita kuwa rugosus daga ruga take, wato "tamoji". Masanin tsirrai Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya sanya su duka biyu cikin kalmomin siffanta ganye a littafinsa Philosophia Botanica na 1751.

Ana cewa abu plicatus ne idan fuskarsa ta ninku a jere, tudu na bin kwari, kamar kunyoyin gona. Ana cewa rugosus ne idan ta yamutse ba bisa tsari ba, kamar fatar tsoho. Ke nan abin da ya raba su shi ne tsari.

3.0 Misalai

Duk wanda ya dubi tsiron kwakwa, itacen da ya yawaita a gaɓar tekun Kwatano, zai ga ganyensa na farko bai rarrabu ba, sai dai layukan ninki daga gindi zuwa tsini. Haka ganyen giginya da na goruba suke a ƙasar Hausa. Wannan ninki yana ƙara wa ganye ƙarfi, ya hana shi langaɓewa. Hikimar da ke cikin kwanon rufi ke nan: da shimfiɗaɗɗe ne sumul, da bai jure nauyi ba.

Misali na biyu yana cikin bakin ɗalibi. Idan ya ɗora harshe a hanƙa ya ja shi baya zuwa farkon ganɗa, zai ji wasu 'yan tuddai a gicciye. Na saniya sun fi girma, kamar yadda duk mahaucin da ya taɓa fasa kai a mayankar Akpakpa ya sani. Masana ƙirar jiki suna kiran su plicae, suna kuma kiran su rugae. Wannan ya nuna akwai wuraren da kalmomin biyu ke shiga gonar juna.

4.0 Zaɓen Kalmar Hausa

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage: ninki, tattara, kunya, tamoji da kaushi. Tattara ta teloli ce, kuma takan sa a tuna da aikin hannu. Kunya tana da wata ma'ana da ta fi shahara, don haka takan kawo ruɗani idan ba a ambaci gona ba. Saboda haka ana ba da shawarar:

(a) plicatus: mai ninki-ninki
(b) rugosus: mai tamoji

Maimaita kalmar ninki yana nuna yawa da jeruwa, kamar a rami-rami da layi-layi.

A nan akwai tarko ga wanda ya biyo ta Faransanci. A maganar yau da kullum rugueux na nufin "mai kaushi", sai ɗalibi ya fassara rugosus da hakan. Alhali kaushi da hannu ake jin sa, tamoji kuwa da ido ake ganin sa. Ganyen baure yana da kaushi ko da bai yamutse ba. Manomi ko mai maganin gargajiya da ya dogara da irin wannan fassara zai iya tsinko ganyen da ba shi ake nufi ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa plicatus ninki ne mai tsari, rugosus kuwa tamoji ne. Wajibi ne mai fassara ya ga abin da kalma ke siffantawa kafin ya nemo mata takwara, domin gani ya kori ji.

Aiki: Ɗalibi ya samo ganye iri 5, ya siffanta kowanne da ɗaya daga cikin kalmomin sashe na 4.0, tare da kawo dalili.