Dakatar Da Windows 10: Abin Da Yake Nufi Ga Ƙananan 'Yan Kasuwa A Jos

JOS — A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aika gyare-gyaren tsaro kyauta ga manhajar Windows 10, wadda ya fitar tun a shekarar 2015. Matakin bai kashe ko da na'ura ɗaya ba, don haka a shagunan buga takardu da na cike fom da ke titin Ahmadu Bello, da Taminus, da kewayen harabar Jami'ar Jos ta hanyar Bauchi, aiki ya ci gaba kamar yadda aka saba. Sai dai tun daga wannan rana, duk kwamfutar da ke amfani da manhajar ba tare da wani tanadi ba, haɗarin da ke kanta ƙaruwa yake yi wata bayan wata.

Dalili kuwa shi ne, babu wata babbar manhaja da ba ta da ɓaraka. Masana da ɓarayin intanet kullum suna gano sababbi, kamfanin kuma yakan aiko da abin toshe su a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Da zarar an daina aikowa, duk ɓarakar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe. Bugu da ƙari, tun da Windows 11 da Windows 10 sun yi tarayya a sassa masu yawa, gyaran da aka yi wa sabuwar yakan nuna wa ɓarawo inda zai taɓa tsohuwar.

Komawa sabuwar manhajar kyauta ne, amma ga na'urar da ta cika sharuɗɗa kaɗai. Windows 11 tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar na'ura irin wadda aka fara ƙerawa wajen shekarar 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan Jos kuwa na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje ta Legas, kuma sun girmi wannan ƙa'ida. Sayen sabuwa ya ƙara wuya tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, inda dalar Amurka ta tashi daga kimanin N460 a farashin gwamnati, ta haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024.

Akwai ra'ayoyi uku da ake yawan ji a bakin masu shaguna da ɗalibai, waɗanda ya kamata a auna su.

Na farko shi ne cewa ƙaramin shago ba shi da abin da za a sata. Gaskiyar lamarin ita ce, kwamfutar da ake cike fom ɗin JAMB ko na neman aiki a kanta takan tara hotunan mutane, da lambobinsu na NIN da BVN, da na waya, kuma da irin waɗannan bayanai ne ake damfarar masu asusun banki. Har ila yau, yawancin hare-haren ba zaɓen mutum suke yi ba. A watan Mayu na 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman fansar dala 300 a kan kowace na'ura. Watanni biyu kafin nan Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ɓarakar. Waɗanda ba su saka ba su ne abin ya ci.

Na biyu ya shafi wasannin kwamfuta. Matasa da dama na ganin babu laifi a sauko da kwafin wasan ƙwallon ƙafa na sata, tun da na asali yana da tsada. To amma irin wannan kwafi sau da yawa yakan umurci mai shi ya kashe manhajar kariya kafin ya saka shi, kuma ta wannan ƙofa ce ake cusa manhajojin da ke kwashe kalmomin sirri. Idan na'urar da yaron shago ke wasa da ita da dare ita ce ake shiga asusun banki da ita da safe, to arahar wasan na iya cinye jarin shagon.

Na uku shi ne cewa saƙon damfara ba ya ɓuya, domin Turancinsa a karye yake. Wannan alama ta raunana tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke iya tsara wasiƙa mai tsabta cikin daƙiƙoƙi, har ma da kwaikwayon muryar mutum. Abin dogaro yanzu shi ne a tabbatar da saƙo ta wata hanya dabam, kamar kiran lambar da aka riga aka sani, kafin a tura kuɗi.

Batun ya kuma zama na shari'a. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Ga ƙananan masu sana'a, tarar saɓa dokar na iya kaiwa Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Mafita uku ce a gaban mai shago. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin wa'adi, inda ɗaiɗaikun mutane ke biyan dala 30 na shekara ɗaya zuwa Oktoba 2026, kamfanoni kuma dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekaru uku. Ko kuma a saka wa tsohuwar na'urar manhajar Linux, irin su Ubuntu, wadda kyauta ce kuma ana ci gaba da gyaranta, ko da yake ma'aikata za su buƙaci horo, kuma ba kowace manhajar zane ko ta buga takardu ce ke aiki a kanta ba. Ta uku ita ce a cire tsohuwar daga intanet baki ɗaya, a bar ta ga aikin bugu, a keɓe na'ura ɗaya mai cikakken tsaro don harkar kuɗi da cike fom. Ko wace aka zaɓa, ajiye kwafin muhimman bayanai a wani faifai dabam wajibi ne.

Jos ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Jami'ar Jos na yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta, kuma cibiyar nHub da aka kafa a garin a shekarar 2015 ta horar da matasa rubuta manhaja. Duba na'urorin ƙananan shaguna da sauya musu manhaja sana'a ce da za ta iya ciyar da wasunsu, muddin masu shagunan suka fara sa kuɗin tsaron kwamfuta cikin lissafinsu na wata, tare da na haya da na man janareta.