Ko Kun Sani? Hayaniya Na Jinkirta Samun Sauƙi

A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin majinyata, wato kamar raɗa. Amma wani bincike na 2013 a sassan kulawa ta musamman guda 5 a Ingila ya gano matsakaiciyar ƙarar ba ta sauka ƙasa da 45. Ƙarar na'urori da surutu na katse barcin majinyaci, suna ɗaga hawan jininsa, suna kuma gajiyar da ma'aikatan jinya. Don haka 'yan dubiya daga Maska, in kun je asibiti a Funtuwa ko Malumfashi, ku rage murya, ku kashe ƙarar waya, ku taƙaita zama.