Mujiya da Kuku a Ƙasar Kankiya da Kusada

In mutum ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya iso Kankiya, sa'an nan ya karkata gabas wajen Kusada, zai ga ƙasa ce ta gonaki, da kuka da tsamiya da gawo a warwatse. Tsuntsayen wannan ƙasa ba zamansu ɗaya ba. Waɗansu 'yan gida ne, nan su ke rani da damina, nan su ke ƙyanƙyasa. Waɗansu sai ruwa ya sauka su ke zuwa. Waɗansu kuwa matafiya ne, ya da zango kawai su ke yi su wuce.

Mujiya 'yar gida ce. Kada ku zaci iri ɗaya ce, gama akwai farar nan mai fuska kamar faifai, wadda ta ke kwana a tsofaffin soraye da rufin makarantu. Akwai babba mai launin toka, mai gashi biyu a ka kamar kunnuwa, ita ta fi son duwatsu da kwazazzabai. Akwai kuma 'yan ƙanana da ke ɓuya cikin kogon itace, ɗaya daga cikinsu har da rana ta kan yi kuka, ƙananan tsuntsaye su taru su yi ta tsangwamarta.

Farar mujiya ba ta saƙa sheƙa. Ta kan sami lungu mai duhu ta zuba ƙwai farare, kamar 4 zuwa 7, ta kwanta a kansu wajen kwana 30, namijin yana kawo mata abinci. Tun daga ƙwan fari ta ke soma kwanci, shi ya sa in kun leƙa za ku ga 'ya'yan ba kansu ɗaya ba, wani ya yi gashi wani bai buɗe ido ba. Ta fi yin ƙwai bayan ɗaukewar ruwa, watau lokacin da hatsi ya nuna ɓeraye suka yawaita. Idonta ba ya juyawa kamar namu, sai dai ta juya wuya, ga kuma ji mai kaifi, har cikin baƙin duhu ta kan kama ɓera da jin motsinsa kaɗai.

Mutane da yawa suna ƙinta, suna cewa kukanta mugun abu ya ke jawowa, yara su bi ta da jifa. Amma ku duba ƙarƙashin wurin kwananta. Za ku tarar da 'yan curi-curi da ta amayar, in kun fasa ba kome ciki sai gashi da ƙasusuwan ɓeraye da jaba. Manomin da ya kashe ta, ko ya sare tsohuwar kukar da ta ke ciki, ɓarayin rumbunsa ya yi wa gata.

To, sai kuku. Turawa suka ba shi wannan suna saboda kukan irinsa na ƙasarsu. Abin mamaki game da shi, ba ya renon ɗansa. Wani ɗan ƙarami a cikinsu, mai koren baya mai ƙyalli da farin ciki, yana zuwa mana daga kudu da damina, daidai lokacin da kabare ke saƙa a kan itatuwa. Macen ta kan laɓe har uwar sheƙa ta fita, ta yi wuf ta shiga, ta ɗauke ƙwai ɗaya ta saka nata. Cikin kwana 12 ko kusa da haka ya fashe. Ɗan yana samun ɗan ƙarfi sai ya ture sauran waje, kabare ta yi ta wahalar ciyar da baƙo ita ba ta sani ba. Ita ma dai ba kullum a ke cutarta ba, gama kowace kabare da irin zanen ƙwanta, in na baƙon ya saɓa ta kan gane ta jefar. Wani babba kuma mai ɗige-ɗigen fari, sheƙar hankaka ya ke kai nasa, duk da wayon hankaka.

Ragon maza danginsu ne, amma shi bai ɗauki wannan hali ba. Da damina ya kan tara ciyawa cikin sarƙaƙiya ya yi sheƙa babba, kuma namijin ne ya fi ɗawainiyar 'ya'ya. A ganina an zalunce shi wajen suna.

Kukun Turai shi ne matafiyin, ba ya ƙwai a ƙasarmu ko kaɗan. A shekarar 1960 ba wanda ya san hanyarsa sosai. Sai a 2011 masana a Ingila suka ɗaura wa waɗansu 'yan na'urori a baya, suka ga sun ƙetare Sahara, waɗansu ta Nijeriya da Cadi, sun tafi dazuzzukan Kwango sun yi hunturu a can, sa'an nan suka koma gida ta Afirka ta Yamma.